Me hoton F-DOPA ke gani a fankiriyas wanda CT bai gani ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayana ɗan shekara 41 ne. Ya fi shekara biyu yana fama da jiri da gumi da rikicewa, musamman da asuba, wani lokaci har ya suma, sai an ba shi abu mai zaƙi ya dawo hayyacinsa. An daɗe ana yi masa maganin farfaɗiya ba a dace ba. Kwanan nan aka kwantar da shi aka hana shi abinci ana auna jininsa, aka ce insulin ya yi masa yawa, ana zargin ƙari a fankiriyas. To amma CT da MRI ba su nuna komai ba. Yanzu an ce a yi hoton PET da wani ruwa mai suna F-DOPA. Wani likita ya ce za a ba shi ƙwayar carbidopa kafin hoton, wani ya ce bai kamata ba. Mene ne wannan hoton? Ruwan nukiliyar ba zai cutar da shi ba? Kuma wa ke da gaskiya a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yayanki lafiya, ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kika yi masa.

Bari in fara da abin da ya kwantar min da hankali a bayaninki: an bi matakan yadda ya kamata. Jini aka fara aunawa, sannan aka koma neman hoto. Wannan ƙari da ake zargi, insulinoma, wato ƙarin da ke fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, ba hoto ne ke tabbatar da shi ba. Tun a shekarun 1930 wani likitan tiyata Ba'amurke, Allen Whipple, ya kafa sharuɗɗa uku waɗanda har yau da su ake aiki: mutum ya nuna alamun faɗuwar sukari, a auna a lokacin a ga sukarin ya faɗi da gaske, sannan alamun su gushe da zarar an ba shi sukari. Hana shi abincin da aka yi a asibiti gwaji ne da ake iya ja har awa 72. Ana jira sukarin ya sauka ƙasa da 55 mg/dL, wato kimanin 3 mmol/L, a ɗebi jini nan take. A jikin mai lafiya, idan sukari ya sauka haka insulin ya kan yi ƙasa ƙwarai. Idan aka tarar da shi bai sauka ba, kuma C-peptide, ɓangaren da jiki ke yankewa duk lokacin da ya ƙera insulin nasa na kansa, shi ma yana sama, to an san daga cikin jiki matsalar take. Abu ɗaya nake so ki tabbatar: shin an bincika jinin ko akwai magungunan ciwon sukari irin su glibenclamide? Wannan magani yana ba da sakamako iri ɗaya sak da na ƙarin. Idan akwai mai ciwon sukari a gidan, ko yayanki na shan wani haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, ku faɗa wa likitocinsa.

Shekara biyun da aka ɓata ma ba baƙon abu ba ne a wannan cuta. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, idan ya yanke mata sai mutum ya yi ta surutai, ko ya yi faɗa ba dalili, ko ya faɗi yana shure-shure. A wurinmu sai a ce farfaɗiya ce, ko taɓin hankali, ko shafar aljanu. Abin da ke tona asirin ciwon shi ne lokacin da yake zuwa: da asuba kafin karin kumallo, bayan aikin ƙarfi, ko a tsakiyar azumi.

Yanzu ga dalilin da ya sa CT da MRI suka dawo ba komai. Fankiriyas gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, kanta na cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta na taɓa saifa. Kusan dukkanta ruwan narkar da abinci take yi. Amma a warwatse cikinta akwai 'yan tsibirai na wasu ƙwayoyin halitta daban, waɗanda Paul Langerhans ya fara bayyanawa a Jamus a 1869 yana ɗalibi. Ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gaɓar ba, amma su ke fitar da insulin da glucagon da sauran sinadaran da ke daidaita jiki. Insulinoma daga cikinsu yake tsirowa. Ba shi da yawa, mutum 1 zuwa 4 cikin miliyan ke samunsa a shekara. Kimanin 90 cikin 100 ba ciwon daji ba ne, wato kansa, kuma guda ɗaya ne tak, mafi yawansu ba su kai santimita 2 ba. Ƙanƙantarsa ita ce matsalar. Ƙarin da bai kai santimita ɗaya ba zai iya kayar da ƙato, amma a hoton CT ya saje da naman da ke kewaye da shi. CT da MRI siffa suke dubawa, da yadda jini ke ratsa wuri. Idan siffar ba ta bambanta ba, ba su da abin nunawa.

Hoton PET da F-DOPA ba siffa yake nema ba, aiki yake nema. Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe, domin amfanin hoton da rauninsa duk daga nan suka fito.

A shekarun 1960 wani masani a Landan, Anthony Pearse, ya lura cewa ƙwayoyin da ke fitar da irin waɗannan sinadarai, ko a hanji suke ko a fankiriyas ko a wasu gaɓoɓin, suna da ɗabi'a ɗaya. Suna jawo wasu ƙananan tubalan furotin daga jini, irin su DOPA, su sarrafa su da wani inzayim, wato sinadarin da ke juya wani abu ya koma wani. Sunan inzayim ɗin AADC a taƙaice. Aikinsa shi ne ya gutsure wani ɗan ɓangare daga jikin DOPA, sai ta koma dopamine. Abin yana tafiya mataki uku. Da farko DOPA za ta shiga ƙwayar ta wata ƙofa da ke jikin fatarta. Sai AADC ya juya ta. Daga nan sai a tura dopamine ɗin cikin 'yan jakunkunan ajiya na cikin ƙwayar. DOPA da ba a juya ba tana iya komawa ta fita ta ƙofar da ta shigo, wadda aka juya aka ajiye kuwa ta maƙale na wani lokaci.

To abin da muke yi a sashen nukiliya shi ne mu ɗauki DOPA mu manna mata ƙwayar zarra ɗaya ta fluorine-18, wadda ke fitar da tururin nukiliya. Jiki ba ya bambance ta da DOPA ta gaskiya. Duk ƙwayar da inzayim ɗinta ke aiki da ƙarfi za ta tara ta. Fluorine-18 ɗin kuma, a duk inda ta tsaya, tana harba wani ɗan ƙanƙanin abu mai suna positron, wanda ba ya yin nisa sai ya yi karo da electron, su biyun su ɓace, haske biyu su fita gaba da baya a layi ɗaya. Injin PET zobe ne na na'urori da ke kewaye da majiyyaci. Idan biyu daga cikinsu masu fuskantar juna suka kama haske a lokaci guda, kwamfuta ta san a kan wannan layin abin ya faru. Miliyoyin irin waɗannan layuka ne ke haɗuwa su zama hoto. Ana ɗora shi a kan CT da aka ɗauka a injin guda, don a san ɗigon da ya yi haske a kai yake, ko a jiki, ko a wutsiyar fankiriyas. Ba don fankiriyas aka fara ƙera F-DOPA ba ma. A 1983 masana a Jami'ar McMaster da ke Hamilton a Kanada suka nuna dopamine a ƙwaƙwalwar mutum mai rai da ita, kuma har yau ana amfani da ita wajen binciken cutar karkarwa ta Parkinson. Akwai 'yar'uwarta da aka yi suna da ita a Uppsala ta ƙasar Suwidin, 5-HTP mai ɗauke da carbon-11, wadda inzayim ɗin nan dai ke juyawa ta koma serotonin. Tana da kyau ƙwarai ga ƙarin fankiriyas, sai dai ƙarfin carbon-11 yana raguwa da rabi kowane minti 20, don haka sai asibitin da ke da injin ƙera ta a cikin harabarsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Lafiyayyar fankiriyas ta babban mutum ita ma tana da wannan inzayim, kuma tana shan F-DOPA sosai. Ki ɗauka ana neman gidan da ake dafa abincin biki ta hanyar duba hayaƙi, amma da magariba, lokacin da kowane gida a unguwar ya hura wuta. Hayaƙin gidan bikin ya fi yawa, amma ya cakuɗe da na maƙwabta. Haka fankiriyas ke fitowa a allon kwamfuta: doguwar gaɓa tana haske daga kai har wutsiya, kusa da ita matsarmama da bututun ɗaci da ƙoda duk suna haske, domin ta nan ruwan ke fita daga jiki. A cikin wannan ake neman ɗigon da bai kai santimita ɗaya ba.

Daga nan saɓanin likitocin nan biyu ya samo asali, kuma kowannensu na da madogara. Carbidopa tsohon magani ne da ake haɗawa da levodopa ga masu cutar Parkinson. Aikinsa toshe AADC a sassan jiki ban da ƙwaƙwalwa. Idan aka ba mutum shi awa ɗaya zuwa biyu kafin allurar, hasken lafiyayyar fankiriyas sai ya dushe. Amma ƙarin ma ai da wannan inzayim yake tara ruwan. Likitoci a Turku ta ƙasar Finland, waɗanda suka ga insulinoma da F-DOPA ba tare da carbidopa ba, sun yi gargaɗi a 2008 cewa maganin na iya ɓoye shi ƙarin ma. Likitan da ya ce kada a ba shi, a nan ya tsaya. Daga baya, a 2015, masana a Strasbourg ta Faransa suka nuna wata hanya: a ba da carbidopa, amma a ɗauki hoto da wuri, kimanin minti 5 bayan allura, sannan a sake ɗauka daga baya. Dalilinsu shi ne insulinoma na da jijiyoyin jini da yawa kuma yana jawo ruwan da sauri, sai dai yakan sake shi da sauri idan an toshe inzayim ɗin. Wanda ya jira rabin awa ko awa ɗaya kafin ya ɗauki hoton farko zai iya tarar da ɗigon ya ɓace.

Ra'ayina a nan: tambayar ba ta tsaya kan a ba shi ko kada a ba shi ba. Idan cibiyar za ta ba da carbidopa, dole ta kasance tana ɗaukar hoton farko-farkon nan yayin da majiyyaci ke kwance a cikin injin tun lokacin allura. Carbidopa da hoton jinkiri kaɗai, wannan ne haɗin da ba na so. Ki tambaye su kai tsaye: a minti na nawa kuke ɗaukar hoton farko, kuma masu insulinoma nawa kuka taɓa yi wa? Cibiyar da ta saba da aikin za ta amsa miki ba tare da jinkiri ba. Kuma ko an yi komai daidai, F-DOPA kan rasa wani kaso na insulinoma a manya. Idan sakamakon ya fito ba a ga komai ba, ba ya nufin yayanki ba shi da ƙari. Jini ya riga ya ba da shaida.

Inda F-DOPA ba ta da na biyu shi ne jarirai. Akwai jariran da ake haifa da yawan insulin, galibi saboda tangarɗa a ƙwayoyin gado biyu, ABCC8 da KCNJ11. A wasu, dukkan fankiriyas ce ta kamu. A wasu kuma wani ɗan gurbi ne kawai mai 'yan milimitoci. Bambancin na da girma matuƙa. Mai ɗan gurbi, a yanke wurin ya warke har abada. Wanda duka ta kamu kuma magani ya gaza, akan cire kusan dukkan gaɓar, yawancinsu kuma su kamu da ciwon sukari daga baya. Tun tsakiyar shekarun 2000, bayan ayyukan da aka yi a Faransa da Finland, hoton F-DOPA ne ke raba waɗannan biyun, kuma ba a ba jariri carbidopa. Na kawo wannan ne don ya shafe mu. Nau'in da ke kama dukkan gaɓar yakan zo ne idan uwa da uba duk suna ɗauke da tangarɗar, shi ya sa ya fi yawa a inda auren zumunci ya yawaita. A ƙasashen Turai kimanin jariri 1 cikin 50,000 ne, amma a Saudiyya an ƙiyasta 1 cikin 2,500. Jaririn da ke yawan jijjiga ko sanƙarewa a kwanakin farko, a auna sukarinsa kafin komai, don kowane faɗuwa na iya taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Mu koma kan yayanki. Da ni ke zaɓa masa, kuma akwai hali, akwai hoton da zan sa gaba da F-DOPA. Fiye da 90 cikin 100 na insulinoma marasa kansa suna ɗauke da ɗimbin makarɓai, wato wuraren da wani sinadarin hanji mai suna GLP-1 ke maƙalewa, a fatarsu, fiye da lafiyayyen naman da ke kewaye nesa ba kusa ba. Akwai sinadarin da ke manne wa waɗannan makarɓai, exendin-4, wanda asalinsa daga yawun wani ƙadangare mai dafi na hamadar kudu maso yammacin Amurka aka gano shi. Idan aka manna masa gallium-68, wanda shi ma ke fitar da tururin nukiliya, aka yi PET, ƙarin kan fito fes a kan fankiriyas mai duhu. Binciken da aka jagoranta daga Basel ta Suwizalan, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna yana gano fiye da 90 cikin 100, ya kuma zarce MRI. Yana da nasa cikas: ƙoda na shan sa sosai har ta iya rufe ƙarin da ke can ƙarshen wutsiya, yana iya ƙara kayar da sukari na ɗan lokaci, don haka da ƙarin ruwan sukari ake yin sa, kuma cibiyoyi ƙalilan ne a duniya ke da shi.

Sai wanda za ki fi jin sunansa, DOTATATE mai gallium-68, wanda ke bin makarɓan wani sinadarin jiki mai suna somatostatin. Shi ne kan gaba ga yawancin sauran ƙarin wannan dangi, kamar gastrinoma mai haddasa gyambon ciki da ba ya jin magani. Ga insulinoma marar kansa kuwa, wani lokaci ya kama, wani lokaci ya rasa. Abin lura shi ne insulinoma mai kansa yakan juya lamarin: ya rasa makarɓan GLP-1, ya riƙe na somatostatin. FDG kuma, wanda shi ne ruwan PET da aka fi sani, sukari ne mai fluorine-18, shi ma aikin inzayim yake nunawa, hexokinase, wanda ke kulle sukari a cikin ƙwaya. Ƙari mai saurin girma ne ke shan sa. Ƙaramin insulinoma mai tafiya a hankali ba kasafai yake nunawa da shi ba. Na jaddada wannan ne saboda a Afirka ta Yamma injin PET kaɗan ne ƙwarai, kuma FDG ne ruwan da aka fi samu a ko'ina. Kada a ce muku PET ai PET ne. Ruwan da aka zuba shi ke yanke abin da za a gani. Ƙarfin fluorine-18 yana raguwa da rabi kowane minti 110, bayan awa biyar da rabi kashi ɗaya cikin takwas ne ya rage, don haka ba abin da ake ajiyewa a kanta ba ne. A ranar ake ƙera shi, da sunan majiyyaci. Kafin ku sayi tikitin jirgi zuwa ko'ina, ku sami tabbaci a rubuce na sunan ruwan da ranar da za a yi.

Ban ga kin ambaci hoton da ake yi ta hanyar zura bututu mai na'urar sauti a baki har cikin tumbi ba. Daga nan na'urar na dab da fankiriyas, kuma a hannun gwani tana ganin ƙarin 'yan milimitoci, musamman a kai da jikin gaɓar. Ya fi PET sauƙin samu da araha. Idan ba a yi ba, ki tambaya. Akwai kuma gwajin da ake zuba calcium a jijiyoyin da ke ciyar da sassan fankiriyas ɗaya bayan ɗaya, ana auna insulin a jinin da ke fita ta hanta. Ba ya nuna ƙarin, amma yana faɗin yankin da yake.

Batun tsoron nukiliya, na fahimce shi. Adadin sinadarin da ke cikin allurar ƙanƙani ne ƙwarai, ba ya aiki a jiki kamar magani. Tururin da mutum ke samu daga ruwan kansa ya yi kusan abin da kowannenmu ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama cikin shekara biyu zuwa uku, sai a ƙara na CT ɗin da ke tare da shi. Zuwa washegari kusan babu abin da ya rage. A sha ruwa da yawa, a yawaita fitsari, a ɗan nisanci mai ciki da jarirai na sauran yinin. Haɗarin da na fi jin tsoro a ranar ba nukiliya ba ne, yunwa ce. Ana so mutum ya yi kamar awa 4 bai ci abinci ba, domin tubalan furotin na nama da wake da madara suna gogayya da F-DOPA a ƙofa ɗaya. Ga mai insulinoma wannan na iya kayar da shi a ɗakin jira. Sukari ba ya bin waccan ƙofar, don haka ana iya sa masa ƙarin ruwan sukari ba tare da hoton ya lalace ba. Ku sanar da su tun ranar karɓar lokaci, ku tafi da na'urar auna sukari, ku kuma kai musu duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu. Kada ya daina diazoxide, maganin rage fitar insulin, ko wani maganin da aka ɗora shi a kai sai da umarninsu.

Duk wannan wahala don likitan tiyata ake yin ta. Idan an san wurin, sau da yawa ƙarin kaɗai ake ɓarewa a bar gaɓar, kuma mafi yawan mutane sun rabu da ciwon ke nan. Tun 1929 Roscoe Graham ya yi irin wannan aiki cikin nasara a Toronto. Idan hotuna duka suka gaza, gogaggen likita na iya gano shi a lokacin aikin da yatsunsa da na'urar sauti da ake ɗorawa kan fankiriyas kai tsaye. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yanke rabin gaɓar a kan zato, ba a ga komai ba. Kafin a shiga tiyata a auna calcium na jininsa da sinadarin parathyroid mai daidaita calcium ɗin, a kuma tambayi tarihin dangi, domin 5 zuwa 10 cikin 100 na masu insulinoma suna da wata cutar gado mai suna MEN1, wadda kan zo da ƙari fiye da ɗaya, kuma hakan na canza tsarin aikin.

Kafin lokacin, kada ya yi azumi, na farilla ko na nafila, yana cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame. Kada ya tuƙa mota ko babur. Ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, ya ci wani abu mai riƙe ciki kafin ya kwanta, a ajiye masa sukari ko zuma a gefen gado. Idan ya rikice amma yana iya haɗiya, a ba shi nan take. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a gaya musu tun daga bakin ƙofa cewa sukarinsa ne ya faɗi.